Kawu Minti Biyar da 'Yar Hayar Ɓaure

Jama'a a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Zan gabatar muku da babban mutum: shugaban masu leƙen ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace, kwamandan laimar kwaɗi na gabas da yamma, likitan agogo mai ritaya wanda ba a yi wa taron sallama ba. Kawuna ne, yayan Ummata uwa ɗaya uba ɗaya. A unguwa ba mai kiran sunansa na yanka, Minti Biyar ake ce masa, don shekara talatin da huɗu duk wanda ya kawo masa agogo amsa ɗaya yake samu: "Minti biyar." Wani ya jira minti biyar ɗin, wani ya jira wata biyu.

Shagon nasa akwatin gilashi ne a kan tebur, a bakin wani kantin magani, da kujera ɗaya da lema. Na taso na gan shi a nan, ya maƙala ɗan madubin nan na masu gyaran agogo a idon dama, hantsaki a hannu, yana numfashi a hankali don kar ya hure sukurun da bai fi ƙwayar yashi ba. Da waya ta shiga hannun kowa sai aikin ya dinga ja da baya, har ya zamana daga canjin batir sai ƙara rami a madauri. Ranar da ya naɗe lemarsa ya ɗauki akwatin ya tafi gida, sai bayan kwana uku mai kantin maganin ya lura ba ya nan.

Matarsa ta rasu shekara goma sha huɗu ke nan. 'Yarsu guda ɗaya ce, ma'aikaciyar jinya a wani babban gari, kowa Sista yake ce mata har shi uban. Sai ya rage shi kaɗai a ciki da falo, can ƙarshen wani dogon gidan haya, kusa da famfo. Bayan rasuwar ne ya sayi tsofaffin takardu don naɗe agogo, ya tsinci wani littafi a cikinsu, ba bango, shafi arba'in na farko sun yi nasu wuri. Hotunan naman kaza ne, wato laimar kwaɗi, da furannin daji. Wata Asabar da ya rasa inda zai sa kansa, ya soka littafin a hammata ya bi bayan gari har ya gangara kwarin kogi. Tun daga ranar, in dai damina ce, Asabar ba ta samun shi a gida.

Mutane sun yi ta fassara. Wasu suka ce magani yake haɗawa, wasu suka ce tun rasuwar matar kan ya ɗan taɓu. Shi kuwa har sanarwa ya taɓa rubutawa da hannunsa ya manna a jikin famfo: duk mai son ganin abubuwan da ke tsirowa a kwari ya same shi a ƙarshen kwalta ranar Asabar ƙarfe bakwai, a zo da takalmin roba. Asabar uku yana tsayuwa a ƙarshen kwalta har takwas da rabi. Ta huɗun ya je ya ɓare takardar da kansa.

Yana da dokarsa. In ya tarar da naman kaza uku a wuri ɗaya sai ya cire ɗaya. In biyu ne ko ɗaya, durƙusawa yake ya duba ya bar su. Wanda ya ciro ɗin ma ba ci yake ba. Ƙafar yake yankewa, ya kifa hular a kan farar takarda, ya rufe da kofin gilashi ya bar ta ta kwana. Da safe in ya ɗaga sai ka ga wani gari mai laushi ya zubo ya zana da'ira, layi-layi daga tsakiya zuwa baki, kamar fuskar agogon da aka cire wa hannaye. Wani baƙi, wani ruwan ƙasa, wani kamar tsatsa. Wai da launin garin ake gane dangin kowanne. Ya rubuta rana da wuri a ƙasa ya adana. Kwali goma sha ɗaya ya tara a ƙarƙashin gado. Ni kaɗai ya taɓa nuna wa, ni ɗin ma aron caja na shiga.

To bana ido ya juya masa baya. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, babu aikin da za a yi. Na kusa yana gani in ya sa madubinsa, amma abin da ya wuce taku biyar sai dishi-dishi. Farkon damina ya zame a kwari, ya kwana biyu yana ɗingishi bai gaya wa kowa ba, sai maƙwabciyarsa ce ta buga wa Sista waya. Sista ba ta yi shawara da kowa ba, hukunci kawai ta aiko ta wayar Umma: ranar Alhamis ta ƙarshen wata za ta tafi da shi, zai zauna wurinta a bene hawa na huɗu. Kafin nan kuma ba shi ba kwari sai da ɗan rakiya.

Umma ta ajiye wayar ta dube ni ina kwance ina kallon rufi. Shekarata ashirin da shida, makaranta na bar ta a aji biyar bisa fahimtar juna, walda na koya sati uku, tuƙi sati biyu.

Ta ce, "Kai da ba ka aikin fari ba ka na baƙi, tashi ka raka yayana ranar Asabar. Ko lada ka samu."

Na ce, "Umma, ni fa injiniya ne, wuri kawai nake jira."

"To ka jira a kwari."

Ƙarfe bakwai saura na same shi a ƙarshen kwalta, da takalmin roba har gwiwa, da jaka, da sanda. Ya matso dab da fuskata ya ƙare min kallo kamar agogon da aka kawo gyara, sannan ya kalli ƙafata.

"Da silifa ka zo?"

"Kawu, silifar nan ta je inda takalminka bai taɓa mafarki ba."

"Matsattsaku za su yi maka sannu da zuwa."

Hanyar ta bi ta bayan wani tsohon kamfanin bulo, ta kurɗa cikin ciyawar da ta kai ƙugu, ta fara gangara. Kafin mu yi minti goma raɓa ta jiƙe min wando sharkaf. Can ƙasa bishiyoyi suka haɗe kai, rana ta ɓace, sai sanyi da ƙarar ruwa da warin ganye mai ruɓewa. Ni da ke da ido biyu nake tuntuɓe, shi yana gaba yana dogara sanda kamar tsakar ɗakinsa. Ya san kowane dutse. Sai ya tsaya cak ya shaƙi iska, ya karkata hagu, ya durƙusa gaban wani ruɓaɓɓen gungume ya shafa. Ga su nan jere a jikinsa, 'yan mitsi-mitsi ruwan lemo, kamar an liƙa kunnuwa. Ya maƙala madubinsa ya kwanta rub da ciki a kan laka, dattijo ɗan shekara saba'in da ɗaya.

"Zo ka ga ƙarƙashin wannan."

Na leƙa ta madubin. Wallahi sai na ga kamar shafukan littafi an jera su tsaye, kowanne da ɗigon ruwa. Ban gaya masa ya burge ni ba, kar kai ya kumbura.

Na ce, "Kawu, in aka soya wannan fa?"

"Soya. Sista ta ce gadajensu na asibiti akwai laushi."

Ban taɓa sanin Kawu yana da magana ba sai ran nan. A gidanmu in ya zo daga gaisuwa sai shiru, ya sha ruwa ya tashi. Amma a kwari bakinsa bai huta ba. Ga inda wani fari mai faɗin faranti ya fito shekara shida da suka wuce bai sake fitowa ba. Ga surin da wasu ke tsirowa a gindinsa kwana biyu bayan ruwan farko. Ga kututturen da ya sani tun yana bishiya. Kamar wanda ya tara maganar shekara goma sha huɗu a randa, yau ya samu mai kawo kofi. Ni kuma, in faɗi gaskiya, abin jin waƙa na toshe a kunne ɗaya, ina ba shi ɗayan.

Muka tsallake kogin ta kan wasu duwatsu bakwai, muka zauna a kan wani falalen dutse. Ya fito da burodi da fulas na shayi da kofi guda. Ya zuba, sai ya tsaya da kofin a hannu yana juyawa.

"Yi haƙuri, ɗaya ne. Ban saba da baƙo ba."

Ya ba ni kofin, shi ya sha a murfi.

A nan ya gaya min ainihin abin da ya kawo mu. Akwai wani tsohon ɓaure a gaba, a reshensa akwai wata shuka. A littafi okid suke ce mata, shi kuma 'Yar Haya ya sa mata. Ba ta taɓa ƙasa, saiwoyinta a waje suke suna shan iska da raɓa, kuma ba ta tsotsar komai a jikin bishiyar.

"Zama kawai take, ba ta takura wa kowa," in ji shi. "Sau ɗaya take fure a shekara, kwana huɗu, in ta yi tsawon rai biyar. Shekara goma sha uku ban taɓa fashi ba. Bara ban gan ta sosai ba, amma na tsaya a ƙasa na sha ƙamshi. Bana ma abin da nake so ke nan, in tsaya a ƙarƙashinta ta buɗe, sannan a kai ni duk benen da za a kai ni."

Ya ƙara wasu bayanai, ina jin har da launinta da siffar ganyenta, amma daidai nan waƙar ta zo wurin da nake so.

Ɓauren ya kai ɓaure, mutum huɗu ba sa zagaye shi. Kawu ya tsaya a gindinsa ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya jima.

"Ba ta buɗe ba," ya ce. Ya nuna sama da sanda. "Duba min, reshen da ya miƙa wajen ruwa. Ka gan ta?"

Rassa sun fi ashirin, rabinsu wajen ruwa suka miƙa. Na ɗaga kai ina mitsitsika ido, ga matsattsaku biyu a idon sawuna suna karin kumallo. Can na hango wani curin ganye a jikin wani reshe, daban da ganyen ɓauren.

"Na gan ta."

"Akwai toho?"

Akwai wasu 'yan tsinkaye tsaye kamar ashana. Na ce, "Akwai, da yawa ma."

"Ƙirga min. Bara goma sha ɗaya ta yi."

Wuyana ya gaji, ƙafata na zubar jini. Na ce, "Goma sha biyu."

Fuskarsa ta washe. Ya zaro ɗan littafin rubutunsa, ya kai shi har kan hanci, ya rubuta a hankali. Ya ce yadda yake ganin yanayin nan, Talata ko Laraba za ta buɗe. Za mu dawo Laraba da safe, ya rage kwana ɗaya ke nan a tafi da shi. Har ya ce zai nemo kofi na biyu.

Ranar Litinin aka tsuge da ruwa. Ba irin mai zuwa ya wuce ba, irin mai neman wurin zama. Talata Sista ta iso da motar haya da direba da igiyoyi, lema a hannu, ta shiga ɗakin kamar mai zagayen marasa lafiya. Ta raba kayan gida uku: na tafiya, na kyauta, na bola. Da ta jawo kwalayen ƙarƙashin gado ta buɗe ɗaya, sai ta toshe hanci.

"Baba, wannan ai ƙura ce ka adana. Gidana ɗaki biyu ne, ga yara. Kwali ɗaya zan iya."

Bai yi musu ba. Ya zauna a ƙasa da madubi a ido yana ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya, yana zaɓen wadda za ta bi shi. Ya wuni a haka. Sauran goman ya ce a kai ɗakina.

Na ce, "Kawu, ɗakina ko ni da kyar nake shiga."

"Ai ba ka zama a ciki."

Laraba da safe na zo kamar yadda muka yi, har da aron takalmi. Ruwa bai ɗauke ba. Na same shi a bakin ƙofa kan kujera, ya riga ya sa takalmin robarsa, jaka a cinya. Sista na tsaye a kansa.

"Awa uku kawai, Sista," yake cewa. "Ga ɗan'uwanki zai riƙe ni."

"Wannan? Wannan da ko kansa bai riƙe ba?"

Na ce, "Sista, a yi min adalci, ni ma fa ɗan wani ne."

"Rufe min baki. Baba, direba ya leƙa kogin jiya, ya ce ya cinye duwatsun gaba ɗaya. In ka faɗa ciki me zan ce wa mutane? Ka yi haƙuri. A can ma akwai masu sayar da shukar fulawa a bakin titi, zan saya maka ko wace iri kake so."

Ya ce, "To."

Shi ke nan abin da ya ce. Amma bai cire takalmin ba. Na tafi na dawo da la'asar, yana nan a wurin, fuskarsa wajen ruwan da ba ya gani sosai, masu ɗibar ruwa a famfo suna wucewa ta gabansa a guje ba mai tsayawa. A jakar na hango kan kofi biyu.

Na kwana da abin a raina. Da asuba ruwan ya ɗauke, na ari addar mai gadin layinmu na kama hanya ban gaya wa kowa ba. Na san dokar Kawu, 'Yar Haya ko taɓa ta ba a yi. Amma na ce a raina dokar nan ta mai iya zuwa kwari ce. Wanda za a ajiye a bene hawa na huɗu, ai gara a kai masa abarsa ya ajiye a taga.

Kogin ya sauka kaɗan, ya tsaya min a ƙirji. Na ɗaga addar sama na ratsa ina karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Takalmin aron nan ɗaya ya bi ruwa. Na isa ɓauren, na ɗaga kai, sai murna ta kama ni: 'yan tsinkayen nan sun buɗe, jajaye jawur, sun fi ɗari. Na ce lallai Kawu, ashe abar taka ba ta wasa ba ce.

Hawan ya ci min fatar gwiwa. Cinnaku suka tare ni a reshe na biyu suka raka ni har sama, ba inda ba su gaisa da shi ba. Da na isa na ja curin, sai na ji ya ƙi, ya shige cikin itacen kamar an yi masa walda. Na ce wannan 'yar haya ce ko mai gida? Na sa adda na sare shi da ɗan guntun reshen. A kamfanin bulo na tsinci gwangwanin fenti, na cika shi da baƙar ƙasa mai kyau har da taki, na dasa, na danna da hannu. Ƙamshi dai ban ji ba, amma na ce hancina ne ya toshe da sanyi.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna na shigo layinsu da gudu, ƙafa ɗaya takalmi ɗaya ba komai, laka har gira. An gama ɗaure katifa a saman mota. Umma na gefe tana share ido da bakin mayafi, maƙwabta uku sun fito. Ɗakin a buɗe, wayam, sai ƙusoshi a bango. Kawu na tsaye jikin mota da kwalinsa ɗaya a rungume, ya sa farar riga, an sa masa takalmin fita.

Na tsaya a gabansa na ɗaga gwangwanin sama da hannu biyu.

"A dakata! Direba, kashe mota! Allah ya ja kwanan Kawu, uban agogo, mai kwari da abin da ke cikin kwari! Kogi ya ce ba za ka je ba, Sista ta ce ba za ka je ba, to ga ɗanka injiniya ya ratsa ruwa har wuya, ya yi yaƙi da rundunar cinnaku, ya ɗauko maka 'Yar Haya sukutum da furanninta! Daga yau ta bar haya, ta zama 'yar bene!"

Sista ta ce, "Innalillahi, ji wari."

Kawu bai yi dariya ba. Kwalin ya zame daga hannunsa, direba ya tare.

"Ciro ta ka yi?" ya ce, muryar can ƙasa. "Ka sa ta a ƙasa?"

"Har da taki, Kawu."

Ya miƙo hannu biyu, na ɗora masa gwangwanin. Ya lalubi aljihu ya fito da madubinsa ya maƙala. Ya kama ganye ɗaya ya murza tsakanin yatsu. Ya bi kara da ɗan yatsa har inda ya shige cikin guntun reshen. Ya kai furen hancinsa ya shaƙa sau ɗaya. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya saki wani dogon numfashi. Ya jima yana fuskantar ƙarshen layi, wajen da hanyar kwari take. Sannan ya cire madubin ya goge shi da bakin riga ya mayar aljihu, ya miƙo min gwangwanina.

"Wannan kauci ne mai tsotsar bishiya, ba 'Yar Haya ba," ya ce. "Matsa, ka tare min ƙofar mota."